Maraɗi Da Katsina: Labarin Cinikin Bakin Iyaka

Wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi arewa maso yamma, in ya yi tafiyar kamar mil 30 sai ya isa Jibiya. Nan kusa, a Magama, akwai shingen kwastan na Nijeriya. In ya wuce shi sai na Nijar a Ɗan Isa, daga nan kuwa sai Maraɗi. Tafiyar duka ba ta kai mil 60 ba. Mutanen da ya baro da waɗanda zai tarar harshensu ɗaya, suna auren juna, suna zuwa wa juna biki da ta'aziyya, har sarkin Maraɗi ma Sarkin Katsina ake ce masa. Amma kuɗin da ke aljihunsu dabam ne, dokar da ke kansu dabam, farashin kaya kuma sau da yawa dabam. To, wannan bambanci shi ne gonar mutumin bakin iyaka, a cikinta yake shuka, a cikinta yake girbi. Bari mu bi labarin tun daga tushe, mu ga yadda abin ya samo asali, da abin da ya jawo wa garuruwan nan na samu da na rashi.

Kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo babu wata iyaka tsakaninsu, gama Maraɗi wani yanki ne na ƙasar Katsina. A ƙarni na 18 Katsina ce babbar matattarar fatake a ƙasar Hausa. Ayarin Larabawa da na Abzinawa a nan suke sauke kaya, Wangarawa kuma suna da unguwarsu. A 1807 birnin ya faɗa hannun jama'ar Shehu, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar Haɓe kuwa suka yi arewa. Bayan 'yan shekaru mutanen kwarin Maraɗi suka yi wa wakilin Fulani tawaye, suka kirawo Ɗan Kasawa, ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri nan kusa a 1836. Tun daga sa'an nan aka sami Katsina biyu, kowace tana cewa ita ce ta gaskiya.

Wannan ita ce iyaka ta farko, iyakar yaƙi. Kusan shekara 80 ana kai wa juna hari, musamman a zamanin Sarki Ɗan Baskore, wanda ya sha kawo yaƙi har kusa da ganuwar Katsina. Ƙauyukan da ke tsakani suka watse, gonaki suka koma daji. Fatake kuwa ba su son hanyar da ba ta da aminci, sai manyan attajirai suka riƙa ƙaura zuwa Kano. Baturen nan Bajamushe, Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya shiga Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗi ƙwarai amma yawancin cikinta kango da gonaki. Ya kimanta mutanen birnin ba su wuce 8,000 ba, alhali ya ba Kano 30,000. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya: zama kusa da iyaka shi kaɗai ba ya arzuta gari. Katsina ta zauna kusa da iyaka, ta kuwa tsiyace saboda ita.

Iyaka ta biyu Turawa suka ja ta, a kan takarda tukuna, tun ba su taka ƙasar ba. A 1890 Ingilishi da Faransai suka shirya a ja layi daga Sayi, a bakin Kwara, zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sake shiri, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, wannan layi kuwa ya bar Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi a rabon Ingilishi. Da Faransai suka zo za su bi rabonsu daga Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar hanyar ba rijiyoyi, ba abinci. Suka koma suka nemi a gyara. A 1904 Ingilishi suka yarda suka matsar da layin kudu, Faransai kuma suka saki wani haƙƙin kamun kifi da suke da shi tun dā a gaɓar wani tsibiri, Niyufanlan, can kusa da Kanada. Abin mamaki ke nan, kifin wani teku da Bamaraɗe bai taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya sa jikokinsa suka koyi Faransanci. Aka ƙara gyara a 1906, sa'an nan daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransai da Manjo O'Shee na Ingilishi suka bi ƙasar suna kafa alamu, guda 148, a kan iyaka mai tsawon fiye da mil 900.

Da farko talakawa ba su ɗauki alamun nan bakin kome ba. Amma ba a daɗe ba suka gane amfaninsu. Harajin Faransai ya fi nauyi, ga aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga ɗibar soja. Saboda haka in abu ya yi tsanani sai mutum ya kwashi iyalinsa da dare ya tsallaka kudu, wani lokaci ƙauye guda ya tashi. Dajin nan da yaƙi ya kore mutane daga cikinsa ya sake cika da gonaki, kasuwanni kuma suka tsiro a gindin layin. Daga gudun haraji zuwa gudun kwastan kuwa taki ɗaya ne.

Abin da ya mai da Maraɗi garin ciniki sosai gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, nan da nan manoman Kano suka rungumi gyaɗa. Reluwe ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Ƙasar Nijar ba ta da teku, a lokacin kuma ba ta da dogo. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi mil 400, daga Maraɗi zuwa Kano kuwa kamar mil 160 ne. Don haka da noman gyaɗa ya bazu a ƙasar Maraɗi da Tasawa da Magarya, ba ta da mafita sai ta Kano. Raƙuma da jakuna, daga baya motoci, suka riƙa bi ta Jibiya da Katsina da buhuna, a zuba a jirgi a kai Ikko. In za su komo sai su ɗauko atamfa da akoko da goro da kananzir da kwanon sha. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Maraɗi. Su kuwa ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausar ciniki, sai suka riƙa ba 'yan gari kuɗi tun kafin kaka su shiga ƙauyuka su sayo musu. Waɗannan masu saye su ne tushen attajiran da aka sani daga baya da sunan Alhazan Maraɗi, waɗanda wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi guda a kansu a 1986.

A 1945 abu biyu suka faru. Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari da ke cikin kwari, aka tashi aka sake gini a kan tudu, da tituna miƙaƙƙu da babbar kasuwa. A ƙarshen shekarar kuma Faransai suka fito da kuɗin sefa domin ƙasashensu na Afirka. Ambaliyar kowa ya gan ta, amma sefar ce ta fi sauya rayuwar garin.

Hukumar Faransai ba ta jin daɗin ganin gyaɗarta tana bin dogon Ingilishi, ana biyan ladan dako da fam. Wajen 1953 suka ƙago wani shiri da suka sa wa sunan tsattsewa a harshensu: motoci su kwashi gyaɗa su yi yamma da ita har Gaya, a ƙetare Kwara, a kai Paraku a ƙasar Dahome, jirgi ya kai ta Kwatano. Hanyar ta fi tsawo, sai da hukuma ta riƙa cika kuɗin dako. Bayan samun mulkin kai a 1960 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962, ta ce shi kaɗai zai fitar da gyaɗa, kamar yadda hukumar ciniki take yi a Nijeriya ta Arewa. Kowace gwamnati tana yanka farashinta a farkon kaka. Manomin bakin iyaka kuwa sai ya saurara ya ji na wa ya fi tsoka, ya ɗora wa jakinsa. Shekarar da farashin Nijar ya fi, gyaɗar Daura da Katsina ta kwana a Magarya da Maraɗi, shekarar da na Nijeriya ya fi, ta juya. A shekarun nan gyaɗa ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin abin da take samu daga kayan da take sayarwa waje, har fari na 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya a 1975 suka karya nomanta. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, ma'auna suka rufe a Maraɗi.

Mai hankali zai zaci garin ya mutu ke nan. Sai ga shi lokacin ne ma ya fi bunƙasa, kuma a nan ya kamata mu dakata mu duba yadda cinikin yake tafiya, don shi ne zuciyar maganar.

Sefa tana ɗaure da kuɗin Faransa, Faransa kuma ta lamunce mata, saboda haka mai sefa yana iya sayen kaya a kowace ƙasa ta duniya. Kuɗin Nijeriya ba haka yake ba. Tun lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, gwamnati ta tsananta dokar fitar da kuɗi, da naira ta maye gurbin fam a 1973 kuma dokar ba ta sassauta ba. Ga shi kuwa kuɗin man fetur ya cika hannun mutane, kowa yana son kayan waje. Sa'an nan gwamnati, don ta kare masaƙun Kaduna da Kano da sauran masana'antunta, ta hana shigo da atamfa da leshi da taba sigari da waɗansu kaya, ko kuwa ta ɗora musu kuɗin fito mai nauyi. Watau ga mai saye da kuɗi a hannu, ga doka ta tsaya tsakaninsa da abin da yake so.

Alhajin Maraɗi sai ya yi odar taba ko atamfa daga Turai, jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome, a rubuta cewa kayan wucewa ne. Mota ta kawo su Maraɗi a zuba a sito, a biya gwamnatin Nijar harajinta. Har nan ba a karya dokar kowa ba, gwamnatin Nijar ma ta kafa kamfani musamman domin wannan aiki a 1974. Abokin cinikinsa na Kano ko Katsina ya zo ya saya, ya ba 'yan fito. Su ne suka san hanyoyin daji da waɗanda za a gani a kan hanya, su ne kuma ke ɗaukar hasara in an kama. Da kayan sun tsallaka layi sun zama na fasa-ƙwauri. A can halal, a nan haram, buhu ɗaya.

To, da me Bakano zai biya, tun da naira ba ta da amfani a Turai? A nan 'yan canji suke shigowa. Nijar tana bukatar kayan Nijeriya: man fetur da takin zamani waɗanda gwamnati ta rage wa kuɗi a lokacin, da siminti, da sukari, da sabulu, da kayan roba, da masara da gero a shekarar yunwa. Mai son sayen waɗannan yana neman naira, mai son sayen taba yana neman sefa, ɗan canji yana zaune a tsakiya da jakarsa yana cin la'ada ta fuska biyu. Ba takarda, ba sa hannu. Dukiya mai yawa tana tafiya bisa amana, gama wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa Kano. Tsarin nan kuwa ba sabo ba ne. Shi ne na fatake tun zamanin goron Gwanja: maigida mai saukar da baƙi, da dillali, da yaran gida waɗanda ubangida ke ba jari in sun yi shekaru suna yi masa hidima.

Ban da wannan akwai cinikin da ba ya bukatar wata dabara, wanda ƙasa da ruwan sama suka wajabta. Arewa tana da dabbobi, kudu tana da masu cin nama. Shanu da tumaki da raƙuma suna gangarowa kasuwar Jibiya ran Lahadi, da ta Maigatari ran Alhamis, da ta Illela da Mai'aduwa, a loda su a mota zuwa kurmi. Wake ya maye gurbin gyaɗa a gonakin Nijar, mafi yawansa kuwa a Nijeriya ake cinye shi. Ga aya, ga albasar Galmi, ga fatar jar akuyar Maraɗi wadda majema suka san darajarta tun dā. A ganina wannan ne cinikin da ya fi amfanar talaka, ko da yake ba shi ne ya fi tara wa attajiri ba.

Abin da garin ya samu a bayyane yake. Wajen 1950 mutanen Maraɗi ba su kai 10,000 ba. A ƙidayar 1977 sun kai kamar 45,000, a ta 2012 sun haura 267,000. Alhazai suka gina benaye da masallatai, suka sayi manyan motoci, suka kai jama'a Makka. Direba da karen mota da ɗan dako da mai tuwo a tasha kowa ya sami abin kai wa gida. Baitulmalin Nijar ma ya sha romo ƙwarai daga harajin kayan wucewa. Jibiya, wadda ba ta cikin manyan garuruwan dā, ta zama wurin da ake jin sunansa har Ikko.

Amma akwai abin dubawa. Attajirin da ke iya juya kuɗinsa sau da yawa a shekara ta hanyar taba, me zai kai shi kafa masana'anta wadda sai ta yi shekaru kafin ta biya? Maraɗi ta taɓa samun injin matsar man gyaɗa da majema ta zamani da waɗansu ƙananan masana'antu. Da Nijeriya ta karya darajar naira daga 1986, kayanta suka yi arha a hannun mai sefa, suka cika kasuwa, yawancin masana'antun nan suka rufe. A ɗaya gefen kuma atamfar da ke bi ta Maraɗi, wadda daga baya ta zama ta Sin, tana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, tare da rashin wutar lantarki da tsadar kayan aiki. Kowane gefe ya kashe wa ɗan'uwansa masana'anta, 'yan tsakiya suka ci riba. Shekarar 2005 kuma ta nuna wani abu mai ɗaci. Hatsi ya yi tsada a Nijeriya, 'yan kasuwa suka bi farashi, sai ga jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, tana cikin wuraren da yara suka fi galabaita da yunwa, alhali akwai hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Babban raunin garin bakin iyaka shi ne mabuɗin ƙofarsa ba a hannunsa yake ba. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki don kada kuɗin da ke waje su komo. Waɗanda suka tara naira a Maraɗi da Ƙonni da Damagaram da yawa suka wayi gari da takardun banza. Rufewar ta zo daidai da fari, ba a kuwa buɗe ba sai Maris na 1986, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A Janairu na 1994 aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya, bisa shawarar da aka yanke a Dakar, lissafin kowane ɗan canji ya rikice. A Agusta na 2019 Nijeriya ta sake rufe iyakokinta saboda shinkafar waje, ta kuma hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya sa mutumin Jibiya ya sayi mai da tsada fiye da na Katsina bisa laifin da ba lalle shi ya yi ba. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba na 2020, amma Jibiya sai Afrilu na 2022. Duk wannan kuwa ya faru ne alhali ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, suna kuma cikin ƙungiyar ECOWAS wadda aka kafa a 1975 don a sauƙaƙa zirga-zirga da ciniki.

Rufe iyaka ba ya tsai da kaya ɗungum. Babbar mota ce ke tsayawa, babur da jaki da amalanke su bi ta gona. Abin da ke faruwa shi ne kuɗin hanya ya ƙaru, masu tsaron hanya su sami abin karɓa, mai ƙaramin jari ya fita daga ciniki, mai saye ya biya sauran.

Shekarar 2023 ta zo da biyu a haɗe. A ƙarshen Mayu Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, ribar masu tsallakar da mai a jarka ta ragu ƙwarai. Ran 26 ga Yuli soja suka kifar da gwamnatin Shugaba Bazoum a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki, wadda Maraɗi da Damagaram ke samu ta layin da ya taso daga Katsina. Motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa ta ruɓe a cikin buhu. Sarakuna da malamai da 'yan majalisa na jihohin arewa suka fito suka ƙi maganar yaƙi, dalilinsu kuwa a fili yake, kowannensu yana da dangi ko abokin ciniki a ƙetaren layin. Aka janye takunkumin a Fabrairu na 2024, aka buɗe iyaka a Maris. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu na 2025.

Tsakanin rufewar 2019 da ta 2023 aka soma wani aiki mai tafiya kishiyar wannan. A Fabrairu na 2021 aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar a kan kusan dala miliyan dubu biyu. Waɗansu a kudancin Nijeriya suka yi gunaguni, suna cewa me ya sa za a kashe kuɗin ƙasa a kai dogo wata ƙasa. Masu goyon baya suka amsa cewa guntun da ke cikin Nijar kaɗan ne, nufin kuwa a janyo kayan Nijar su bar Kwatano da Lome su komo tashar Ikko. Hanyar da aka zana masa daga Katsina zuwa Maraɗi kusan ita ce wadda raƙuman gyaɗa suka bi zuwa tashar Kano, kafin Faransai su karkatar da su zuwa Paraku a 1953.